Sa Hannun Whedon Bai Wanke Zango na Takwas Ba

Akwai maganar da wasu masoya shirin talabijin na Buffy suke jefo wa mutum da zarar ya buɗe baki zai yi ƙorafi a kan littattafan zanen da suka ci gaba da labarin, kuma wallahi na gaji da jin ta: "Ai Joss Whedon ne da kansa ya tsara, na hukuma ne, ko ka so ko ka ƙi haka labarin ya tafi." To, na ji. Ba wanda ya ce kamfanin Dark Horse sato labarin ya yi. Kowa ya san Whedon ne ya rubuta fitowar farko a watan Maris na 2007, shi ne kuma ya riƙe ragamar Zango na Takwas har fitowa ta 40 a farkon 2011. Amma ni tambayata ita ce ko abin ya yi daɗi, sai a ba ni amsa da sunan wanda ya sa hannu. Ina ruwan biri da gada?

Ku tuna abin da ya ɗaure mu a gaban talabijin daga 1997 zuwa 2003. Yarinya ce 'yar sakandare a wani ƙaramin gari, Sunnydale, da rana tana fama da jarrabawa da faɗan uwa, da dare tana zagaya maƙabarta riƙe da fiƙaƙƙen katako tana jiran masu shan jini su fito daga kabari. A zangunan farko, taron yaƙinsu a ɗakin karatun makaranta ake yi, mutum huɗu ko biyar a kewaye da tebur guda, Giles mai kula da ɗakin karatun yana goge tabarau yana buɗe tsofaffin littattafai. Kuɗin shirin ba yawa gare su ba. Dodannin, mutane ne sanye da fuskar roba, wani lokaci har kana gane hakan. Wannan rashin ne ya tilasta wa marubutan su sa nauyin labari a kan hira, da kallon da wani zai yi wa wani, da shiru. Kashin "Hush" fiye da rabinsa ba mai magana. A "The Body" kuwa, Buffy ta shigo gida tana kiran mahaifiyarta Joyce, ta same ta kwance a kan kujera idanu a buɗe. Ta kira masu agajin gaggawa, ta yi ƙoƙarin danna mata ƙirji har haƙarƙari ya karye a ƙarƙashin hannunta, daga baya ta durƙusa ta yi amai a kan darduma. Babu kiɗa ko kaɗan daga farko har ƙarshe. Falo ɗaya, gawa ɗaya, kuma har yau akwai waɗanda ba sa iya sake kallonsa.

Sai aka koma takarda, inda zana duniya tana tsagewa biyu da zana kofin shayi duk kuɗinsu ɗaya ne. Nan fa aka saki linzami. Buffy ta zama shugabar rundunar 'yan mata ɗaruruwa, hedikwatarta wata tsohuwar fadar dutse a Sikotilan, abokinta Xander yana tsaye gaban allunan kwamfuta da ido ɗaya yana ba da umarni. Ƙanwarta Dawn ta zama Basamudiya, sannan rabi mutum rabi doki, sannan 'yar tsana. A Tokiyo ma sai da aka haɗa ta dambe da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai kamarta a tsakiyar birni. Aka shiga jirgin ƙarƙashin ruwa aka ɓulla Tibet wajen tsohon abokinsu Oz. Aka tsallaka shekaru ɗari biyu gaba don a gana da Fray, mai farautar masu shan jini ta wancan zamanin. Buffy ta fara tashi sama. Spike, wanda muka sani da doguwar rigar fata da taba a baki, ya dawo cikin kumbo, ma'aikatansa manyan ƙwari. Miyar da aka zuba mata duk kayan ƙanshin da ke kasuwa ke nan, ka ɗanɗana ka rasa ma miyar mece ce.

Idan ka faɗi haka, sai a ce ai ba ka fahimci littafin zane ba, wai shi dama da girman al'amura aka san shi. Wannan rabin gaskiya ce, kuma shi kansa Zango na Takwas ya ƙaryata ta. Ku koma fitowa ta 5, "The Chain". Wata yarinya ce da ba a ma faɗa mana sunanta ba, aka sa ta yi shigar Buffy ta sauka ƙarƙashin ƙasa don ta ruɗi aljanu, ta mutu a can ba wanda ya san ko wace ce. Shafuka kaɗan ne, amma sun fi duk yaƙin Tibet nauyi a zuciya. Haka labarin Faith, mai farautar masu shan jini irin Buffy, da Brian K. Vaughan ya rubuta daga fitowa ta 6 zuwa ta 9, inda Giles ya aike ta Ingila ta kashe wata 'yar masu sarauta, ita kuma ta tarar yarinyar ta fara shiga ranta. Dole in yarda, wannan kam Buffy ce tsantsa. Dracula na Drew Goddard ya ba ni dariya sosai, bangon da Jo Chen ta riƙa zanawa kuma abin a rataye a ɗaki ne. Takarda tana iya ɗaukar ƙaramin labari mai ciwo. Su ne suka zaɓi barinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Twilight. An shafe kusan shekara uku ana ja mana rai da mugun nan mai rufe fuska, wanda ya haɗa kai da sojojin Amurka ana kashe 'yan matan Buffy. Sai a farkon 2010 hotunan bangon fitowar da ke tafe suka fita intanet kafin lokaci, kowa ya ga ashe Angel ne. Tonuwar asirin ba ita ce damuwata ba. Damuwata ita ce dalilin da aka ba shi, wai duk ya yi ne don wata ƙaddara da ta zaɓe shi da Buffy su haifar da sabuwar duniya. Angel fa! Mutumin da muka bi shi zango biyar a nasa shirin yana ɗauke da nauyin kowane rai da ya taɓa kashewa, wanda a 2004 muka bar shi a lungu cikin ruwan sama, takobi a hannu, ya gwammace mutuwa da ya zama yaron manyan azzalumai. A lokacin nan ma kamfanin IDW yana buga nasa ci gaban da ya faro da "After the Fall", shi ma da hannun Whedon a tsarinsa tare da Brian Lynch, kuma Angel na can bai yi kama da wannan ba ko kusa. To wanne ne na hukumar? Duka biyun an buga musu hatimi ɗaya.

Me masoya suka yi da wannan? Maimakon a tambayi ko halin mutumin nan ya yarda da abin da aka ɗora masa, sai aka koma tsohon filin daga. 'Yan Bangel suna murna an sake haɗa Buffy da Angel, ko da a kan gawarwakin 'yan mata ne. 'Yan Spuffy, masu son a haɗa Buffy da Spike, suna kumfar baki har sai da kumbon ƙwarin ya sauka, sannan suka ɗan lafa. Haba jama'a! Shekara nawa kuna wannan faɗan? An rushe halin jarumi sukutum a gabanku, ku kuna ƙirga wa aka zana kusa da wa. Ina son ku, tare muka yi kukan mutuwar Joyce, amma a nan kun ba ni kunya.

Sai fitowa ta 39. Angel, da ƙaddarar nan ta Twilight ta hau kansa, ya kama Giles ya karya masa wuya, irin kisan da ya yi wa Jenny Calendar, masoyiyar Giles, tun a zango na biyu. Na gane abin da ake son tunatarwa. Amma Giles ne fa, wanda ya tsaya wa Buffy a matsayin uba tun ranar da ta shiga ɗakin karatun nan. An kashe shi a tsakiyar hargitsin aljanu masu zubowa daga sama, a 'yan akwatunan zane kaɗan, kafin ka haɗiye abin Buffy ta riga ta farfasa Irin da ke riƙe da sihirin duniya, an wuce zuwa wata masifar. Shirin da ya ba mutuwar Joyce kashi guda cur, ya kasa ba Giles wurin da za a zauna a yi shiru. Kuma babu Anthony Head da zai ɗaga ido sau ɗaya ya karya mana zuciya. Georges Jeanty ya yi ƙoƙari, ba na raina hannunsa, sai dai rabin Giles murya ce, rabin Willow, ƙawar Buffy, kuma yadda Alyson Hannigan take tuntuɓe da kalmomi ne. Tunda an rasa muryoyin, kamata ya yi a rage gudu a ba fuskoki fili. Sai aka ƙara gudu.

Masu cewa "na hukuma ne" ba sa son a tuna musu cewa shi kansa Whedon, a wasiƙar da ya rufe fitowa ta 40 da ita, ya amsa cewa rashin iyakar kuɗi ya ɗebe shi, kuma zango na gaba zai sauko ƙasa. Haka kuwa aka yi. Zango na Tara ya mayar da Buffy San Francisco tana aikin kai kofi a shago, tana zaman haya da wasu. Mai abin ya ce an wuce gona da iri, masu kare shi suna nan suna cewa lafiya lau, mu ne ba mu waye ba.

Zan faɗi alheri inda yake. Zango na Goma, da Christos Gage ya rubuta Rebekah Isaacs ta zana daga 2014, ya fi kowanne kusa da shirin da na sani, mutanen sun koma zama kusa da juna, suna faɗa a kan abubuwan da abokai suke faɗa a kai. Ko Giles da aka dawo da shi a jikin yaro ɗan shekara goma sha biyu, abin da na yi tsammanin zai ƙara ɓata mini rai, sun san yadda suka sarrafa shi ya zama abin tausayi. Amma kafin a kai nan, da yawa daga waɗanda muka fara saye tare a 2007 sun ajiye tun a wajen kumbon Spike, kuma ba su dawo ba. Dark Horse ta rufe da Zango na Goma Sha Biyu a 2018, a 2019 kamfanin Boom! ya karɓi sunan ya sake faro labarin daga sakandare, Buffy riƙe da wayar salula, ba Sikotilan, ba Twilight, ba ko ɗaya daga abin da aka ce dole mu haɗiye.