Jinjina ga Masu Nema wa Ɗalibai Tallafin Gasar FIRST

Gasar FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa ƙungiyarta a Amurka a 1989, tana sa ɗaliban sakandare ƙera mutum-mutumi, wato na'urar da kwamfuta ke sarrafawa. Sai dai kafin a ɗaure noti ko ɗaya, akwai malamai da iyaye da ke raba dare kan takardun neman tallafi, suna lissafa kuɗin rajista, wanda ke kai dubban daloli, da na batura da sufuri, sannan su miƙa wa hukumar NASA ko kamfani irin Boeing. Tambarin mai tallafi ake mannawa jikin na'urar, shi kuwa marubucin takardar ba a jin ɗuriyarsa, alhali da bazarsa ake rawa. Lalle ya cancanci jinjina.