Jiragen da Kwara ya haɗiye: na wa ake nema?

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta tanadi kariya ga duk abin tarihin da ya shekara ɗari a ƙarƙashin ruwa, na teku ne ko na kogi. Amma da zarar an ambaci wannan fanni, hankali kan tafi gaɓar teku, wurin jiragen Turawa da suka nutse. Mutumin Gaya, wanda Kwara ke gudana a ƙofar gidansa, ba a ko sa shi cikin lissafi.

Ko a kogin ma, jirage biyu ne suka yi suna. Na farko shi ne na Mungo Park, wanda ya ratsa ta wannan yanki, ya bi ta Yawuri, ya halaka a Busa a 1806. Tafkin Kainji ya rufe tsohon garin a 1968. Na biyu shi ne Dayspring, wanda ya daki dutse kusa da Jeba a 1857. An san su ne domin masu su sun bar takarda.

A nan aibin yake. Binciken da ke bin sawun takarda, tarihin masu takarda kaɗai zai tono. Jiragen Sarkawa da na Dandawa, waɗanda suka yi jigilar hatsi da fatake kafin a gina gadar Malanbil a 1958, ba wanda ya rubuta ranar nutsewarsu.

Akan kawo hujjar cewa itace ba ya daɗewa cikin ruwa. Kwale-kwalen Dufuna ya rushe ta. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a jihar Yobe ta yanzu. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Laka mai danshi ce ta adana shi.

Abin lura, ba na'ura ce ta gano shi ba, mutumin wurin ne. Masuntan Gaya sun san inda taru ke maƙalewa, sun san gurbin da iyayensu suka ce jirgi ya kife. Wannan sani a bakin dattawa yake, kuma ba ya jiran kowa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba su da kayan nutso, amma suna da alƙalami. Su fara da zama gaban Sarkin Ruwa, su rubuta sunayen wuraren, tun masu faɗa suna da rai.