Hannu da Na'ura: Tsokaci a Kan Zanen Osinachi da Darasinsa ga Masu Zanen Potiskum

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan hanyar da Osinachi, ɗan garin Aba, ya bi wajen yin zane da kwamfuta da kuma sayar da shi. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne kayan aikinsa. Da Microsoft Word, manhajar da aka yi domin buga wasiƙa, yake tsara siffofin mutane masu kaifin launi. A watan Oktoban 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da ayyukansa a Landan ta hanyar shaidar mallaka da ake kira NFT.

Ƙarfin aikinsa yana cikin ƙarancin kayan aikin. Da yake manhajar ba ta ba shi sakewa ba, sai ya dogara ga ido da haƙuri, har ya samu salon da ake gane shi da shi ko babu suna. Rauninsa kuwa yana wajen ciniki. Hoton kwamfuta ba ya da asali da kwafi, don haka farashinsa ya rataya ga amincewar masu saye da shaidar nan, kuma kasuwar NFT ta faɗi warwas a 2022.

Buga aikin hannu domin sayarwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa tare da zayyana, aka buga shi da yawa, ya shiga kasuwanni. Yawan kwafin bai rage masa daraja ba, domin hannun gwani mutane suke saye.

A nan ne darasin yake ga matasan Potiskum. Mai zanen da ya kwaso dagi daga intanet ya manna a takarda bai ƙirƙiri komai ba, ko da injin bugunsa ya fi na kowa. Alhali ga hawan sallar Moi Fika, ga kasuwar shanu, ga aikin wuyan riga, duk suna jiran idon da zai nazarce su. Sannan ya kamata ya ƙayyade adadin kwafin kowane zane, ya sa lamba da hannu a kai, ya cika alƙawarin kada ya ƙara bugawa. Mai saye a ƙasar Fika abin ratayawa a zaure yake nema, kuma zai biya idan ya ga garinsa a ciki.