Tsohon Birnin Gwari a Taskokin Intanet: Tsokaci

Manufarmu a wannan takarda ita ce auna amfanin taskokin tarihi na intanet ga mai nazarin Tsohon Birnin Gwari.

Da farko, ba ma musun alherinsu. Littafin tafiyar Kilafatan, wanda ya ratsa garin a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Zariya da Kano, an buga shi a Landan a 1829, kuma yau ɗalibi na iya karanta shi kyauta a wayarsa. Sai dai Baturen ya rubuta sunan garin "Guari". Wanda ya nemi "Birnin Gwari" zai wuce shi bai sani ba, domin kwamfuta haruffa take bi, ba lafazi ba. Haka matsalar take a tsofaffin taswirori.

Na biyu, abin da aka fi samu maganar baƙo ce. Rubuce-rubucen da aka adana, alal misali tarin Umar Falke na Kano da ke Jami'ar Northwestern a Amurka, na manyan birane ne. Na malaman karkara kuwa suna cikin gafaka, ga gara, ga rashin tsaron da ya addabi dajin Kamuku.

Saboda haka muna ba da shawara Gidan Arewa, Kaduna, ya jagoranci ɗaukar hotunan irin waɗannan takardu da yardar masu su, a tsara jerinsu da Hausa, tare da kowane lafazin sunan garin. In ba haka ba, ɗalibanmu za su san garinsu ta bakin matafiyi kawai.