Maƙwabcin Ɗan Ci-rani

'Yan'uwana mata, ina da ƙorafi a kan littattafan soyayyar nan da muke karantawa. Kullum ɗan ci-rani sai ya tafi Legas da 'yar jakarsa, kafin shafi goma ya dawo da mota. To maƙwabcinsa fa, wanda ko kuɗin motar tafiya bai samu ba?

Shi ba mai rubuta labarinsa. Rumbunsa yana nan kamar bara, geronsa bai ragu ba, amma ranar da aka yi wa gidan da ke jikin nasa rufin kwano, ranar ya zama matalauci a idon gari. Matarsa ta je biki da atamfar da a da take taƙama da ita, yanzu sai raɓe-raɓe. Akwatunan lefe sun ƙaru, ɗansa ya kasa aure. Gayya ma ta ja baya, don mai kuɗin Agege 'yan ƙwadago yake ɗauka, ya sa sun yi tsada.

Shi kansa ɗan ci-ranin ai ba tabbas gare shi. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a 2022, samari nawa suka dawo ƙauye, ba babur, ga bashi a wuya?