Masu Awon Madara na Tukunus

Nazarin hanyar aiki, wato lura da yadda ake gudanar da aiki daki-daki domin rage wahala da asara, ilmi ne da aka fi dangantawa da masana'antun Amurka, inda Frederick Taylor ya wallafa littafinsa a kan wannan fanni a 1911. Amma a ƙasar Kurfai, arewa da garin Filinge a jihar Tilaberi, akwai masu riƙe da irin wannan ilmi a bakin garke, wato ma'aikatan tashar kiwo ta Tukunus, wadda tun 1954 take inganta irin shanun Azawak.

Aikinsu na haƙuri ne ƙwarai. Safe da yamma masu tatsa suna sako maraƙi ya fara tsotso, domin saniyar Azawak ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta, sannan a ranar awo malamin rajista ya auna abin da kowace saniya ta bayar, ya rubuta a gaban lambarta tare da nauyin maraƙinta da ranar haihuwarsa. Layi ɗaya ba ya faɗin komai. Sai shekaru sun taru kafin rajistar ta nuna saniyar da nononta ba ya ƙafewa da wuri in rani ya tsananta, da bijimin da ya cancanci barbara. Makiyayin da ya sayi bijimin Tukunus bai san hannun da ya cika waɗannan shafuka ba, alhali ƙwaryar nono da cukun da iyalinsa suke sayarwa suna ɗauke da amfanin wannan awo.