Mariano Rivera da Aikin Rufe Wasa a Besbol

A wasan besbol, mai rufe wasa shi ne majefin ƙwallon da ake shigo da shi a zagaye na tara, lokacin da ƙungiyarsa ke gaba da 'yan maki kaɗan. Aikinsa ya fitar da mabuga uku kafin a cike tazarar. Jifa ɗaya ta kuskure tana iya rushe wahalar ƙungiya duka, shi ya sa ba a ba mai raunin zuciya wannan aiki.

Ana auna gwanintarsa da abu biyu: yawan wasannin da ya tsare nasara, da matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zagaye tara. Na biyun ya fi gaskiya, domin na farko ya dogara da damar da abokan wasansa suka samar masa.

A duka biyun, Mariano Rivera na Panama ya cancanci jinjina. Ya yi wa New York Yankees wasa daga 1995 zuwa 2013, ya tsare nasara sau 652, adadin da ba a kai ba har yau. Matsakaicinsa 2.21 ne, amma a wasannin neman kofi, inda ake karawa da zaratan mabuga, ya sauka zuwa 0.70. Abin mamaki, galibi jifa iri ɗaya yake yi, wadda ke karkacewa dab da mabugi har takan karya sanda. Kowa ya san tana tafe, amma ba a iya mata ba.

A 2019 ya zama ɗan wasa na farko da duk masu zaɓe suka amince ya shiga zauren gwarazan besbol na Amurka.